Maharban teku da ke binne a ƙasar Hausa

Duk wanda ya tashi a fadamar Haɗeja ya san dodon koɗi tun kafin ya san baƙi da wasali. Idan ambaliya ta janye bayan kaka, daga Kirikasamma zuwa Baturiya har bakin mashigin Marma, sai ka ga taɓo ya bushe da katantanwa birjik, manya da ƙanana, yara suna tsinta suna murzawa. A wurinmu wannan halitta ita ce ƙarshen sanyin jiki. Tana jan ciki, tana lasar gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, in an taɓa ta ta shige ɗaki. Shi ya sa idan na ce wa mutanenmu a teku akwai dodon koɗin da ke farauta, yana huda ɗan'uwansa ya tsotse shi, wani ma yana harbin kifi da dafi, sai a ɗauka ba'a nake yi.

Akwai shi kuwa, kuma ba iri ɗaya ko biyu ba. A cikin rukuni guda da masana ke kira Neogastropoda an ƙidaya sama da iri 15,000 masu rai a yau, kusan dukkansu masu cin nama. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wani babi na tarihin waɗannan maharba yana binne a ƙasar Hausa, a cikin dutsen da muke fasawa kullum muna ƙonawa mu yi siminti, ba tare da mun tsaya mun karanta abin da ke jikinsa ba.

Makamin dodon koɗi shi ne harshensa, wani siririn zare mai jerin ƙananan haƙora layi-layi kamar magagarin maƙera. Namu na fadama da shi yake kankare gansakuka a jikin kara. Na teku sun sarrafa shi ta wasu hanyoyi. Ɗan dangin Muricidae yakan hau bayan kawa ko wata halitta mai ƙwanso, ya manna wata 'yar gaɓa da ke tafin ƙafarsa mai tsattsafo da ruwan da ke narka ƙwanso, ya kankare wurin da ya yi laushi da harshe, ya sake mannawa, ya sake kankarewa. Aikin kan ci yini, wani lokaci kwanaki. Da ya ɓulla sai ya zura dogon bakinsa mai kama da hannun giwa ya cinye mai gidan a cikin gidansa. Ɗan dangin Naticidae shi kuma a ƙarƙashin yashi yake nasa farautar, yana naɗe abin da ya kama da faffaɗar ƙafarsa, kuma gaɓar narkarwar tasa a ƙarshen baki take. Hudar da kowannensu ke bari ta bambanta. Ta na farko miƙaƙƙiya ce kamar rijiya, ta na biyu mai faɗin baki ce da tsukakken gindi kamar mazurari. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin huda ba ta ruɓewa, tana nan a jikin ƙwanso ko bayan shekara miliyan hamsin.

Gwanin dukkansu shi ne Conus, mai gida kamar ƙaramar dalar gyaɗa. Haƙorinsa ya zama mashi mai ƙugiya, da rami a ciki kamar allurar asibiti. Yakan cika shi da dafi ya harba wa tsutsa ko kifi, kifin ya sandare nan take. Wani irinsa, Conus geographus, ya sha kashe mutanen da suka ɗauke shi da hannu a tekunan Indiya da Fasifik.

Tekun da ya ratsa Sahara

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Jigawa da teku. A Kirikasamma kam, ko an haƙa rijiya gaba goma ba za a ci karo da katantanwar ruwan gishiri ba, domin ƙasar da muke takawa yarinya ce a lissafin masana duwatsu. Yashi ne da yumɓu da koguna da tafkuna suka jibge a kwarin Chadi cikin 'yan miliyoyin shekarun nan. Ko babban tafkin Chadi na da, wanda kimanin shekara 7,000 da suka wuce ya mamaye wajen murabba'in kilomita 350,000, ya bar gaɓarsa a tudun yashin da ya ratsa Bama da Maiduguri, ruwan daɗi ne. Katantanwar da ya bari 'yan'uwan namu ne na fadama.

Sai an matsa. Daga kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani hannun teku mara zurfi ya riƙa malalowa daga arewa, ta inda Aljeriya da Libiya suke a yau, ya ratsa Mali da Nijar, yana zuwa yana janyewa. A ɗaya daga cikin zuwansa na farko ya shimfiɗa dutsen farar ƙasa da ake fasawa a Ashaka ta jihar Gombe, inda ake tsintar wasu naɗaɗɗun halittu masu kama da ƙahon rago da suka zama dutse. A zuwansa na baya ya cika kwarin Sakkwato da ƙasar Adar. Shimfiɗun da ya bari suna ɗauke da sunayen garuruwan Hausa a littattafan duniya: Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Akwai wani ƙaton ƙadangaren teku da aka tono a can, aka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, wato ƙadangaren Goronyo. Mutum nawa ne a Goronyo suka san da haka?

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Tun a ƙarni na 11 Albiruni ya lura da ƙwanson halittun ruwa da ake tonowa a rijiyoyin hamadar Larabawa, ya yanke cewa wurin teku ne a da. Ibn Sina ma ya yi bayani a kan yadda halitta ke rikiɗa ta zama dutse a littafinsa Asshifa.

Muhimmancin jerin Sakkwato yana ga lokacinsa. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Mekziko, aka yi babbar halakar da ta shafe manyan ƙadangarun da, da masu kama da ƙahon ragon nan, da ɗimbin halittun ruwa. Shimfiɗar Dukamaje ta kwanta ne gab da wannan halaka. Dange da Kalambaina sun kwanta bayanta, a zamanin da ake kira Faliyosin, kimanin shekara miliyan 60 zuwa 56. Ke nan a 'yan kilomitoci kaɗan mutum na iya ganin tekun kafin halakar da bayanta.

Wa ke dangin wa

Kafin a tambayi inda maharban nan suka fito, sai an san su wane ne, kuma nan ne rigimar take. Masana suna jera halittu kamar yadda muke jera mutane: iri-iri suna haɗuwa su zama gida, gidaje su zama dangi, dangogi su zama rukuni. A 1758 Linnaeus, mutumin Suwidin da ya kafa wannan tsari, ya zuba katantanwar teku a 'yan gidaje kaɗan, irin su Murex da Conus da Voluta da Buccinum, bisa siffar ƙwanso kawai. Duk mai ƙaya a jiki da dogon indararo a baki ya tafi Murex. Wannan indararo, ta inda dabbar ke miƙo bututun shaƙar ruwa tana sansano abinci, shi ne alamar da aka daɗe ana gane maharbi da ita.

Sai dai ƙwanso maƙaryaci ne, kuma ba sai an je teku za a ga haka ba. A fadamarmu akwai babbar katantanwar da ake kira Lanistes. Idan ka riƙe ta tsininta na sama, bakinta na kallonka, za ka ga bakin yana hagu. Akwai kuma 'yar ƙarama, Bulinus, wadda ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, ita ma bakinta na hagu. Mai kallon ƙwanso zai ce uwa da 'ya ne. Alhali babu abin da ya haɗa su na kusa. Babbar tana da murfi da take rufe ƙofa da shi, ƙaramar ba ta da shi. Ƙaramar ita ce ke rainon tsutsar tsargiya da ke sa yaranmu fitsarin jini, babbar ba ruwanta. Abin mamakin ma shi ne, Lanistes da 'yar'uwarta Pila sun fi kusa da Conus mai dafi na tekun Fasifik a zumunci, a kan Bulinus da suke kwana a kududdufi ɗaya da ita.

Saboda irin wannan ruɗu ne masanan Jamus da Ingila na ƙarni na 19 suka koma ga harshe. Suka sa shi a madubin ƙara girma suka ƙirga haƙoran kowane layi. Suka ga masu kiwo da yawa suna da haƙori bakwai a layi, maharba kuwa uku ko ɗaya, masu dafi kuma mashi. A 1938 Wilhelm Wenz ya tara masu ƙarancin haƙoran nan ya kira su Neogastropoda. A 1973 Winston Ponder ya bi cikinsu da wuƙar fiɗa, ya nuna wasu gaɓoɓi na maƙogwaro da na yawu da suka keɓanta da su, waɗanda ke nuna kakansu ɗaya. A wannan lissafi Naticidae mai hudar mazurari ya faɗi waje. Shi ba ɗan rukunin ba ne, sana'a ce kawai ta zo ɗaya, kamar Bahaushen maƙeri da Banufen maƙeri. Wato aƙalla sau biyu aka ƙago huda a tarihin dodon koɗi, kowa da inda ya ajiye kayan aikinsa.

Da aka fara karanta ƙwayoyin gado na DNA sai gini ya sake girgiza. Wani babban dangi da ake kira Turridae, wanda aka mayar kamar ɗakin shirgi ana jefa duk ƙaramin mai dafin da aka rasa inda za a kai shi, an tsattsaga shi dangi 13 a 2011. A kan Conus kuma an yi ja-in-ja: gida ɗaya ne mai iri sama da 800, ko gidaje kusan ɗari? A 2015 wasu masana, ciki har da Philippe Bouchet na gidan tarihin halittu na Faris, suka tsayar da huɗu. Ina ganin sun kyauta, domin tsarin da babu mai iya riƙe shi a ka sai wanda ya ƙirƙiro shi ba ya yi wa kowa amfani.

To, duk wannan a kan masu rai ne. Wanda ya zama dutse ba shi da harshe, ba shi da maƙogwaro, ba shi da DNA. Ƙwanson nan maƙaryaci shi kaɗai ya rage, wani lokaci ma ko shi babu. Yawancin katantanwa da wani nau'in farar ƙasa mai saurin narkewa suke gina gidansu. Idan laka ta cika cikin ta ƙandare, ruwan ƙasa ya narkar da ƙwanson, abin da zai rage shi ne zubin ciki, kamar malmalar tuwo da aka kife daga ƙwarya. Malmala za ta gaya maka girman ƙwaryar da zurfinta, amma ba za ta nuna maka zanen da mai sassaƙa ya yi a bayanta ba. A haka ake samun galibin katantanwar dutsen Kalambaina. Masanin da ya sa wa irin wannan zubi suna, sau da yawa kamantawa yake yi da abin da ya sani a duwatsun Faris ko na Masar.

Akwai wata dabara da ta taimaka a shekarun baya. A can ƙololuwar tsinin katantanwa akwai ɗan ƙwanson jarirantaka, wanda bai kai ƙwayar gero ba. Shi dabbar ta gina tun tana cikin ƙwai ko tana shawagi a ruwa, kafin rayuwar manya ta sauya mata siffa, don haka ya fi riƙe alamar dangi. Masana irin su Klaus Bandel na Hambug sun gina bincikensu a kansa da madubin lantarki. Amma sai an sami ƙwanson da bai narke ba, kuma irinsa a yumɓu yake ɓoyewa. Mai neman sa sai ya wanke ƙasa buhu-buhu yana tankaɗewa da rariya.

Daga ina, kuma yaushe

Abin da aka daidaita a kai shi ne lokaci. Dangogin maharban nan da za a iya nunawa babu gardama sun fara bayyana ne a zamanin Kiretashiyos, wato zamanin alli, sun fara yawa kimanin shekara miliyan 110 zuwa 100 da suka wuce. A lissafin dodon koɗi, wanda tarihinsa ya kai wajen shekara miliyan 500, 'yan baya-bayan nan ne. Game da kakanninsu, wasu na nuna wasu dangogi na zamanin Jurasik da suka shuɗe, irin su Purpurinidae da Maturifusidae, saboda 'yar alamar indararo da siffar ƙwanson jarirantakarsu. Wasu na ganin kama ce kawai.

A 1977 Geerat Vermeij, masanin da ya makance tun yana ƙaramin yaro kuma da yatsunsa yake nazarin katantanwa, ya kawo bayanin da ya sauya yadda ake kallon wannan zamani. Ya lura cewa a daidai lokacin ne ƙaguwa masu murƙushe ƙwanso, da kifaye masu haƙoran niƙa, da masu huda suka yawaita, kuma a daidai lokacin ne ƙwanso ya fara kauri, ya fitar da ƙaya, ya tsuke ƙofa, wasu kuma suka nutse cikin yashi. Maharbi ya ƙara wasa makami, abin farauta ya ƙara sulke, haka aka yi ta yi. Ƙayar da muke sha'awa a jikin Murex kayan yaƙi ne.

Inda aka rabu shi ne wuri. A yau maharban nan sun fi yawa a tekuna masu ɗumi. Amma masu binciken zamanin alli, irin su Norman Sohl na Amurka da Heinz Kollmann na Ostiriya, sun lura cewa a wancan lokaci sun fi yawa a tekunan da ke da ɗan sanyi, yayin da ruwan ɗumi ke hannun wasu dangogi dabam da suka ƙare kafin babbar halakar ko a cikinta. Idan haka ne, to bayan halakar ne maharban suka mamaye ruwan ɗumi da aka bari fanko. Yaushe, ta wace hanya, wane dangi ya riga wane?

Ga inda nake da ra'ayi. Taswirar da aka gina wannan hukunci a kanta taswira ce ta inda aka fi tono. Duwatsun kewayen Faris tun Lamarck ake tsintar su, tun farkon shekarun 1800. Haka na Ingila da na kudancin Amurka, an yi shekara ɗari ko fiye ana rairaye su. Tekun Sakkwato kuwa ruwan ɗumi ne, kusa da tsakiyar duniya, a daidai shekarun da ake tambaya a kansu. Duk wanda ke son sanin yadda maharba suka shiga ruwan ɗumi bayan halaka, irin wannan wuri ya kamata ya duba, kuma hannayen da suka taɓa shi ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na waɗanda suka taɓa na Faris ba, in ka yarda da ƙiyasin mai kallo. Rashin samun abu a inda ba a nema sosai ba, ba hujja ba ce.

Abin da aka riga aka tono

Ba a ce ba a yi komai ba. Farkon waɗanda suka tsinci waɗannan duwatsu sojoji ne, na Faransa a Tamaske ta ƙasar Tawa, da na Ingila da ke aikin shata iyakar Nijeriya da Nijar. Sakkwato ta faɗi a 1903, a 1904 kuwa har F. A. Bather na gidan tarihin halittu na Landan ya wallafa bayanin bushiyoyin tekun da aka kai masa daga yankin. A 1905 abokin aikinsa R. Bullen Newton ya bi da na katantanwa. Su duka sun ɗauka duwatsun na zamanin Iyosin ne. Sai daga baya aka gane sun girmi haka da miliyoyin shekaru, na Faliyosin ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sunayen da aka sa a lokacin suna bukatar a sake dubawa. A shekarun 1970 Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya bi kwarin Sakkwato shimfiɗa-shimfiɗa, kuma har yau ɗalibai da aikinsa suke farawa.

A jerin abin da aka samu a dutsen Kalambaina akwai wata katantanwa da ya kamata Bahaushe ya yi wa kallon 'yar gida, sunanta Gisortia. 'Yar dangin wuri ce, wurin nan da ya ba mu kalmar kuɗi. Wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka yi ta jigilarsa, kuma lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala ɗaya ta azurfa. Ashe ƙatuwar 'yar'uwarsa tana kwance a ƙarƙashin Sakkwato tun kafin a yi ɗan Adam. Wasu 'yan gidanta da aka tono a Turai sun haura santimita 20. Dangin wuri dai ba ya cikin rukunin maharbanmu, na kawo shi ne don a ga irin abin da ke cikin dutsen.

Aikin da ya fi shafar batunmu kai tsaye a kudu aka yi shi. A shimfiɗar Ameki ta ƙasar Ibo, ta zamanin Iyosin, ƙwanso ya tsira a cikin yumɓu da zanensa da komai. Newton ya bayyana su a 1922, F. E. Eames ya gyara aikin a 1957. A 1974 O. S. Adegoke na Jami'ar Ife da M. J. S. Tevesz suka ɗauki katantanwar Ameki suka bi hudar da ke jikinsu ɗaya bayan ɗaya, suka nuna wa ke cin wa, har da yadda masu hudar ke cin junansu. Har yau masu nazarin tarihin farauta a teku suna ambaton wannan aiki, domin irinsa daga Afirka kaɗan ne. A 1977 Adegoke ya fitar da babban littafinsa a kan dutsen Ewekoro na jihar Ogun, wanda tsaran na Kalambaina ne. Akwai daɗaɗɗiyar muhawara a kan ko tekun Sakkwato da na Ewekoro sun haɗu a wancan lokaci, ta yadda halitta za ta taso daga arewacin Afirka ta ɓulla tekun Atilantika ta tsakiyar Nijeriya. Richard Reyment ya nuna cewa wasu ƙananan halittu masu ƙwanso iri ɗaya ne a Libiya da Sakkwato da kudancin Nijeriya. Idan akwai wannan hanya, maharbanmu ma sun bi ta, kuma kwatanta katantanwar wuraren biyu iri da iri zai taimaka a yanke hukunci.

Siminti da ajiya

Dutsen Kalambaina da na Malbaza a Nijar da na Ashaka da na Ewekoro duk masana'antun siminti ne ke cinsu. Masana'antar Kalambaina ta fara aiki tun shekarun 1960, kuma an faɗaɗa ta a 2018 da 2022, yanzu miliyoyin tan take fitarwa a shekara. Ba na cikin masu ganin laifin wannan. Ƙasa na bukatar gini, dubban mutane suna ci daga nan, kuma ba don ramin fasa dutse ba da babu mai ganin shimfiɗun nan a tsaye kamar shafukan littafi. Adegoke kansa a ramin kamfanin siminti ya yi aikinsa na Ewekoro. Abin da nake kuka da shi shi ne, kowace mota da ta juye dutse a injin niƙa ta tafi da abin da ba zai dawo ba, kuma tsamo kaɗan daga ciki ba zai rage wa kamfani ko buhu ɗaya ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba. Yarjejeniya tsakanin kamfani da jami'a mafi kusa, a bar ɗalibai da malaminsu su shiga bayan an fasa sabuwar fuska, kafin a kwashe. Ɗaki guda mai kantoci. Ma'aikaci guda da zai rubuta wa kowane dutse lamba, da wurin da aka ciro shi, da shimfiɗar da ya fito, da tsayinta daga ƙasan rami. Wannan rubutu shi ne komai. Katantanwar dutse da ba a san shimfiɗarta ba kamar riwaya ce babu isnadi, tana iya zama gaskiya amma ba a kafa hujja da ita. Sannan Hukumar Binciken Duwatsu ta Nijeriya, wadda asalinta ya koma 1919, ta nemi gidajen tarihi na Landan da Faris su ba da ingantattun hotunan samfuran da aka kafa sunaye a kansu. A ƙa'idar masana, suna yana rataye ne a wuyan samfurin farko. Ɗalibin Sakkwato ko na Dutse da bai ga wannan samfuri ba ba zai iya cewa abin da ke hannunsa sabo ne ko tsoho ba.

Na san abin da za a ce: muna fama da kacalla ta toshe magudanai, ruwan da ke zuwa mana yana hannun madatsun Tiga da Challawa, yara suna fitsarin jini, kai kana zancen katantanwar da ta mutu shekara miliyan sittin. Amsata ita ce ilimin ɗaya ne. Idon da ya koyi raba Bulinus da wata mai kama da ita da ake kira Physa, wadda ita ma bakinta na hagu amma ba ta ɗauke da tsargiya, shi ne idon da ma'aikatar lafiya ke bukata kafin ta san kududdufin da za ta sa wa ido. Kuma sanin dangi yana kawo riba ta inda ba a zata ba. Daga dafin Conus magus aka samo maganin raɗaɗi mai tsanani da ake kira Prialt, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004, bayan binciken da aka faro a ɗakin gwajin Baldomero Olivera, ɗan asalin Filifin. Kowane irin Conus da haɗin dafinsa, don haka mai neman magani da bishiyar dangi yake sanin inda zai duba na gaba. Tun kafin wannan ma, mutanen Sur na ƙasar Labanan daga jikin Murex suke fitar da rinin shunayya na sarakunan Rum. A 1909 wani masanin sinadarai, Paul Friedländer, ya matse katantanwa 12,000 ya sami giram 1.4 kacal, ya kuma gano cewa sinadarin ɗan'uwan baba ne, baban nan na karofin Ƙofar Mata, da ɗan ƙari kaɗan a jikinsa.

Ga ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ga wata ƙofa a buɗe. Na ce ƙwanson katantanwa yakan narke a dutsen Kalambaina, amma na kawa ba ya narkewa, domin da nau'in farar ƙasa mai ƙarko aka gina shi, kuma kawa na daga cikin abincin masu huda. A tara ƙwanson kawa 'yan ɗaruruwa daga Dukamaje, a tara wasu daga Kalambaina, kowanne da lambar shimfiɗarsa. A wanke, a sa a madubi, a ƙirga masu huda, a raba mai kamar rijiya da mai kamar mazurari. Ko an samu da yawa, ko kaɗan, ko babu sam, sakamakon zai faɗi wani abu a kan lokacin da masu huda suka iso ruwan ɗumin Afirka. Kayan aikin guduma ne da buhu da buroshi da littafin rubutu, sai kuɗin mota zuwa Wamakko.